Agogon Da Bai Lalace Ba

Tun ranar Laraba akwatin na-gani-ina-so yake zaune a tsakiyar falon Malam Isyaku, an ɗaure shi da igiya tamau kamar kayan da za a kai tasha. Magana ta riga ta fita daga bakin maigida, kuma duk Gyadi-Gyadi an san Malam Isyaku ba ya tauna magana biyu. Ranar Asabar bayan la'asar za a mayar wa dangin Junaid kayansu a Unguwa Uku, zancen aurensa da Huraira, 'yar Malam, ya mutu ke nan.

Huraira ta yi kuka har idanunta suka ƙanƙance. Umma ta lallasa, ta yi faɗa, ta dawo ta sake lallashi, daga ƙarshe ita ma ta zauna a bakin gado suka yi kukan tare. To me ya jawo wannan duka? Takarda ce, jama'a. Takarda shafi biyu.

Bari in koma baya kaɗan. A Tarauni akwai wani ɗaki a saman bene inda Malama Tabita take koyar da rubutun labari duk Asabar da safe. 'Yar Kudancin Kaduna ce, amma ta shekara talatin tana koyarwa a makarantun Kano kafin ta yi ritaya, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ɗalibanta goma sha huɗu ne, da kabad guda cike da littattafan da take ba su aro, da wani zaure a waya inda take turo musu darasi da murya a tsakiyar mako. A nan Huraira ta fara ganin Junaid, malamin lissafi mai shiru-shiru wanda yake zama a bencin gabanta. Ba a yi wata huɗu ba manyansa suka zo da akwati.

Dokokin Malama biyu ne. Ta farko, kunne kafin alƙalami: tun watan farko ta kora su kasuwa da tasha da bakin titi, kowa ya je ya zauna kusa da wani mutum ya saurari yadda yake magana. Ta biyu, duk abin da ka rubuta ka sa hannu a ƙasa, don wanda ke jin kunyar rubutunsa bai shirya zama marubuci ba.

A wata na biyar ta ba su aikin da ya zame wa Huraira ƙarfen ƙafa. Ta ce kowa ya zaɓi mutumin da ya kasa yi wa uzuri, ya shiga bakinsa, ya rubuta shafi biyu da "ni" kamar shi ne.

Huraira ba za ta taɓa manta ranar da Junaid ya miƙe ya karanta nasa ba. Muryarsa ma sai da ta sauya, ta yi kauri, ta yi sanyi, kamar ta wani dattijo.

"Ni ne na bar ta a gadon asibiti, ƙarfe huɗu saura minti bakwai. Na ce mata zan je in sayo shayi. Sau ɗaya na ɗauki yaron. A bayan kunnensa na hagu akwai tawadar Allah kamar ƙwayar wake, na zaci datti ne, na sa yatsa na goge, ba ta gogu ba. Na kwantar da shi na fita. Ba ƙinsu na yi ba, wallahi. Tsoro na ji. Ƙarfe huɗu da minti goma ina cikin mota."

Da ya gama, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar Adaidaita daga titi. Malama Tabita ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Huraira kuwa tsigar jikinta ce ta tashi gaba ɗaya. Ta zo ajin nan ne tana tsammanin rubutu shi ne jera kalmomi masu daɗi, sai ga shi ta ji tausayin mutumin da ya kamata ta tsana, kuma ba ta san ta inda tausayin ya shige ta ba. Ranar ta koma gida tana jin kamar an buɗe mata wata ƙofa a cikin gidan da ta zaci ta san duk ɗakunansa.

To ashe da sauran rina a kaba.

Malama ta tattara ayyukan ajin ta kai a buga su ƙaramin kundi. Mai shagon bugun abokin Sagiru ne. Sagiru kuwa ɗan ƙanwar Malam Isyaku ne, mai shagon wayoyi da mota mai sanyi, ya shekara uku yana neman Huraira tana ce masa Yaya. Allah ya isa tsakaninmu da ɗan'uwa mai tsegumi. Ya zare shafi biyun nan, ya datse saman da aka rubuta cewa aikin aji ne, ya kawo wa kawunsa yana wani sunkuyar da kai, wai shi ba don komai ba, zumunci ne ya hana shi yin shiru.

Malam Isyaku ya shekara talatin da uku yana magatakarda a kotu. A wurinsa duk takardar da ta fara da "ni" ta ƙare da sa hannu, sunanta iƙirari. Kuma yana da al'ada, ba ya yanke hukunci kan takarda sai ya karanta ta sau uku. Ya karanta sau uku, ya kira Huraira, ya ce yaron nan yana da mata da ɗa da ya gudu ya bari.

Ta rantse, ta yi bayani, ta ɗauko nata aikin ta nuna masa. Malama Tabita da kanta ta bugo waya ranar Talata, suka gaisa cikin mutunci, ta shaida masa ita ta ba da aikin. Malam ya saurare ta har ta gama, ya yi mata godiya, sannan ya ce shaidarta ta nuna an ba shi aiki, ba ta nuna inda ya samo abin da ya rubuta ba.

"Ni ba jahili ba ne, na san ana ƙirƙirar labari," ya ce wa Huraira bayan ya ajiye wayar. "Amma na ji muryar masu laifi fiye da dubu. Mai ƙirƙira yakan ce da yamma ne. Wanda abin ya faru a kansa shi ke cewa saura minti bakwai. In ba shi ba ne, ya faɗa mini wane ne."

An aika wa Junaid. Ya aiko da amsa cewa bai taɓa aure ba, ba shi da ɗa, amma sunan mutum ba zai faɗa ba. A nan ne Malam ya sa aka ɗauko igiya.

Ranar Asabar da safe Baba ya yarda ta je Tarauni, amma don ta mayar da littattafan aro ta yi wa malamarta sallama kawai. Ta tarar da Junaid a tsaye a ƙasan bene, ya rame, yana murza tsohon agogon hannunsa. Agogon nan ta sha yi masa tsiya a kansa, don bini-bini sai ya ce ya kai shi gyara, har ta taɓa cewa da shi ya haƙura ya jefar, ita za ta saya masa sabo.

Yau babu tsiya. Ta tsaya nesa da shi kaɗan, littattafan rungume a ƙirjinta.

"Malam Junaid, suna ɗaya fa ake nema a wurinka. Suna ɗaya, shi ke nan a kwance igiyar."

"Na sani, Huraira."

"To me ya fi ni a wurinka? Wane ne wannan da kake rufa wa asiri, ni kana tona mini nawa? Kowa a layinmu ya ji. Jiya wata ta tare ni a bakin famfo tana yi mini jaje, wai Allah ya rufa mini asiri da aka gano da wuri."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Ta gaya masa gaskiyar da ta kwana uku tana ɓoyewa, cewa ita ma zuciyarta ta fara rawa. Ba ta son ta zarge shi, amma duk sanda ta tuna muryar da ya yi karatun da ita, sai ta ji maganar Baba tana dawo mata. Mutum ba ya yin irin muryar nan don kawai an ba shi aikin gida.

Junaid ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Wallahi ban taɓa barin kowa a asibiti ba. Wannan zan rantse miki da shi a ko'ina. Amma in na tsaya gaban mutane na kira sunan nan don in sami aure, akwai waɗanda zan tsiraita, ɗaya ma ba ta yi laifin komai ba. In na yi haka, ba mijin da ya dace da ke kika samu ba."

"To rasa ni ya fi maka sauƙi?"

"Bai fi ba," ya ce. "Babu abin da ya fi shi wuya."

Ta hau benen tana kuka. Malama Tabita ta karɓi littattafan, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta mayar mata da guda ta ce wannan ba ta gama shi ba, ta riƙe. Ta zaunar da ita ta ba ta ruwa. Abin da kawai ta ce shi ne, ita ma ba ta san wane ne mutumin ba, kuma ba ta taɓa tambayar ɗalibi inda ya samo ciwonsa ba. Amma a shekarunta na koyarwa ta lura mutum bai cika yi wa kansa irin wannan adalcin a rubuce ba, yakan wanke kansa ne ko ya yanka kansa. Ta ce Huraira ta je ta sake karanta takardar Junaid a nutse, kamar yadda aka koya mata.

Ina nutsuwa ga wadda za a mayar wa kaya bayan la'asar? Ko takardar ma tana aljihun Baba.

Ana idar da sallar la'asar Sagiru ya iso da motarsa, wai shi zai taimaka a kai akwatin. Ya sha shadda, ya fesa turare har falon ya gume. Yana tsaye yana kaɗa mukulli sai aka yi sallama a ƙofar gida. Junaid ne, shi kaɗai, ya ce ya zo ne ya karɓi hukunci da kansa, kada a wahalar da manya.

Malam ya ce ya shigo. Ya kuma ce a kira Huraira da mahaifiyarta, don ba ya son gobe a ce an yi abu a bayan idon wani.

Junaid ya cire takalmi ya durƙusa a gaban kujerar Malam, ya sunkuyar da kai ƙasa sosai kamar yadda ake yi wa suruki. Huraira ta zauna a kan darduma a gefen Umma, ta ɓangaren hagunsa. Labulen taga a ɗage yake, hasken yamma ya sauka a kan wuyansa.

Malam ya fito da takardar, ya gyara tabarau, ya ce zai karanta a karo na ƙarshe a gaban mai ita. Ya fara da muryarsa ta kotu, babu hawa babu sauka. Ƙarfe huɗu saura minti bakwai. Shayi. Sau ɗaya na ɗauki yaron.

Huraira ba ta iya kallon Baba, ba ta iya kallon Sagiru, sai idonta ya tsaya a kan wuyan da ke sunkuye. A daidai nan Baba ya karanta layin da ke biye.

Ta ƙura ido.

Ga tawadar Allah nan, a ƙasan hula, a bayan kunnen hagu. Baƙa, ƙarama, kamar ƙwayar wake. Kuma abin haushin, ba yau ta fara ganinta ba. Wata shida tana zaune a bencin bayansa, ta gan ta ya fi a ƙirga, har ranar da ya yi karatun tana nan a gaban idonta, amma da yake hankalinta na kan mutumin da ya fita sayen shayi, ba ta taɓa waiwayar jaririn da aka kwantar ba. Kai, Huraira, an ce kunne kafin alƙalami, ba a ce ki bar ido a gida ba.

Wato wannan bawan Allah, da aka ce ya zaɓi wanda ya kasa yi wa uzuri, sai ya ɗauki mutumin da ya yar da shi ranar da aka haife shi, ya shiga bakinsa, ya nemo masa dalili. Wato da ya tsaya gaban aji yana cewa ba ƙinsu na yi ba, kansa yake gaya wa. Ta ji wani irin kwarjininsa ya cika mata ido, irin wanda ba ta taɓa ji game da ɗan Adam ba, har ta ji kunyar maganganun da ta gaya masa da safe. Ta toshe baki da mayafi, amma kukan ya ƙwace.

Malam Isyaku ya dakata da karatun. Mutumin da ya shekara talatin da uku yana lura da inda shaidu ke kai idonsu ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya dubi 'yarsa, ya bi inda take kallo, ya ɗan karkato daga kujera. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da ido kan takardar, ya sa yatsa a kan layin, ya sake dubawa.

"Sagiru, je ka jira a mota."

Sagiru ya fara cewa ai Kawu akwatin, Malam ya ɗaga masa ido sau ɗaya. Ya fita sumui-sumui, turarensa ya bi shi. Malam ya tashi da kansa ya tura ƙofar falon, ya dawo ya zauna.

"Shekarunka nawa, Junaidu?"

"Ashirin da tara, Baba."

"A binciken da na sa aka yi, an ce mini kawunka ne ya riƙe ka, mahaifinka ya yi tafiya tun kana ƙarami."

"Haka mahaifiyata take faɗa wa mutane. Haka nake so a ci gaba da faɗa."

Umma ta yi salati a hankali. Malam ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shi dai bai yi kuskure ba da ya ce muryar mai laifi ce, amma ya zauna yana tuhumar wanda aka zalunta. Ya ce a duk zamansa na kotu ya ga ɗa ya kai ƙarar uba, ya ga uba ya tsine wa ɗa, bai taɓa ganin wanda aka cuta ya tsallaka ya tsaya a wurin wanda ya cuce shi yana ba da bahasi a madadinsa ba. Ya tambaya ko wannan ne abin da matar nan take koya musu a saman bene. Huraira ta gyaɗa kai.

"Ikon Allah," in ji Malam, ya sake maimaitawa ƙasa-ƙasa.

Sai dai magatakarda ba ya barin takarda da giɓi. Ya ce jariri ba ya duba agogo, to minti bakwai ɗin daga ina? Kuma mahaifin yana raye ne?

Junaid ya murza agogon hannunsa. Da ya fara magana, kansa na ƙasa. Ya ce yana raye. Shekara biyu ke nan da wani ya nuna masa shi daga nesa, a Hotoro, a bakin titi, yana da ɗan teburin gilashi yana gyaran agogo. Bai taɓa samun ƙarfin zuciyar matsawa ba sai da Malama ta ce kowa ya je ya saurari wani. Sai ya cire agogonsa ya kai masa. Ya zauna a benci yana jin yadda yake magana, mutum ne da ko gaisuwa zai ba da labari sai ya faɗi ƙarfe da minti. Zancen shayin daga bakin mahaifiyarsa ya ji, sau ɗaya tak ta taɓa faɗa. Tsoron kuwa a fuskar dattijon ya gan shi, duk sanda mace ta wuce da goyo sai ya sunkuya kan aikinsa.

"Ya san ko kai wane ne?"

"A'a, Baba. Yallaɓai yake ce mini."

Huraira ta manta a gaban wa take. Ta dubi tsohon agogon da ta ce ya jefar, ta ji bakinta ya tambaya tun kafin ta yi shawara da kunya.

"Sau nawa ka kai masa?"

"Sau goma sha ɗaya."

"Me ya sami agogon?"

"Babu komai. Lafiyarsa ƙalau."

Malam Isyaku ya linke takardar gida huɗu ya miƙa wa Junaid, ya ce abinsa ne, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan ya mutu a ɗakin nan. Sannan ya sauko daga kujera, dattijo da ciwon gwiwa, ya tsuguna gaban akwatin yana kwance igiyar da hannunsa. Ƙullin ya yi tauri, Umma ta miƙo wuƙa, ya ce a'a, shi ya sa aka ɗaura.

Da igiyar ta saki, ya ce wa Umma ta mayar da kayan 'yarta ɗaki. Huraira ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta tana kukan da ba irin na kwana ukun nan ba. Junaid ya fara godiya, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. Na ba ka Huraira, wannan magana ta zauna. Amma ni ba na ɗaura wa ɗa aure ubansa na raye a garin nan bai sani ba. Ko ya zo ya karɓa maka, ko ya wakilta kawunka da bakinsa."

Junaid ya ɗago a firgice, fuskarsa ta koma ta yaro ƙarami.

"Baba, ban san da wace kalma zan fara ba."

Malam ya naɗe igiyar a hannunsa, ya dubi agogon, ya dubi mai agogon.

"Ba sai ka yi magana ba. Gobe ka kai masa na goma sha biyu. In ka miƙa masa, ka zauna ta inda zai ga kunnenka na hagu."